JAWABI: Ƙera Manhajar Waya Ya Zo Da Sauƙi, Amma Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Jawabin wannan wata ya shafi manhaja, watau ɗan shirin nan da ake sa wa wayar hannu don ta yi wani aiki, kamar aika kuɗi ko duba farashin kaya.

A da can, ba mai iya ƙera manhaja sai wanda ya yi shekaru yana koyon rubuta umarni da harshen kwamfuta. Amma a watan Yuli na 2010 kamfanin Google na Amurka ya bayyana wata hanya mai suna App Inventor, wadda Farfesa Hal Abelson na jami'ar MIT ya jagoranci shirya ta. A wannan hanya an yanka umarnin gunduwa-gunduwa kamar tubali, kowane da launinsa. Mutum zai jawo wannan tubali a fuskar kwamfuta ya haɗa da wancan. Alal misali, tubali na farko ya ce "in an danna maɓalli", na biyu ya ce "aika saƙo". Tubalin da bai dace da ɗan'uwansa ba, ba zai shiga ba sam. A ƙarshen 2011 Google ya janye hannunsa, sai MIT ta karɓi aikin ta sake buɗe shi a 2012, kuma kyauta ne.

Wannan sauƙi ya haifar da alheri. A jami'ar San Francisco wani ɗalibi ya ƙera manhajar da ke amsa saƙo da kanta idan mai waya yana tuƙi, don kada hankalinsa ya rabu biyu. Haka kuma a 2018 wasu 'yan mata biyar na wata makarantar sakandare a Onitsha, Jihar Anambra, sun ci lambar zinariya a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka, saboda manhajar gano jabun magani da suka ƙera.

To, amma tun ranar farko masana sun nuna damuwa. Tsoronsu shi ne kasuwar manhaja za ta cika da tarkace, har mai saye ya kasa bambance tsaba da tsakuwa. Dalili kuwa shi ne, tubalin yana hana kuskuren rubutu ne kawai, ba ya hana kuskuren tunani. Kowa na iya jera tubali, amma gidan da ba a haƙa wa tushe ba, damina ɗaya ta ishe shi. Manhaja tana iya aiki a wayar mai ita, ta ƙi a tsohuwar waya. Tana iya shanye batir, ko ta tsaya cik inda babu intanet, ko ta yi wa mai shago lissafin bashi ba daidai ba.

Masu kasuwannin ma sun ɗauki mataki. A 2017 kamfanin Apple ya sa dokar ƙin karɓar manhajojin da aka buga da zubi ɗaya kamar bulo, ko da yake ya sassauta daga baya. Shi kuwa Google ya ce a wannan shekarar ya cire miyagun manhajoji fiye da 700,000 daga kasuwarsa. Sai dai a lura, wannan adadi ya haɗa da na 'yan damfara da masu kwaikwayon aikin wasu, laifin ba na 'yan koyo ba ne su kaɗai. Bugu da ƙari, a 2023 Google ya ce duk sabon mai ƙira mai zaman kansa sai mutum 20 sun gwada manhajarsa har kwana 14 kafin ta shiga kasuwa. A ƙarshen 2024 aka rage yawan masu gwajin zuwa 12.

Saboda haka, matashin da ke son ƙira ya fara da tambayar kansa: wace matsala ce wannan manhaja za ta warware? Sannan ya ba mutane dabam-dabam su gwada, har da dattijo da wanda bai daɗe da koyon karatu ba. Duk inda suka yi tuntuɓe, nan ne wurin gyara.

Shi kuma mai waya, kafin ya sauke manhaja ya duba sunan wanda ya yi ta, da ra'ayin waɗanda suka riga shi amfani da ita. Idan manhajar tocila ta nemi izinin karanta saƙonninsa ko ganin lambobin mutanensa, ya ƙi, domin tocila ba ta da hulɗa da waɗannan. Lambar sirrin banki kuwa, kada ya rubuta ta sai a manhajar bankinsa ta ainihi. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna, ya nemi amintacce ya karanta masa kafin ya danna.

Ƙofar ƙira ta buɗe ga kowa, birni da ƙauye, wannan abin murna ne. Abin da ya rage shi ne haƙurin gwaji da gyara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.