Ƙarfin Samartaka Aro Ne



Mu da muka tashi a Damri da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun, mun san yadda fagen dambe yake cika idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida. Mun kuma girma muna jin sunan Shago a bakin Ɗan Anace. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: ina ɗan dambe yake kwana ranar da hannunsa ya daina kisa? Don mu fahimci nauyin wannan tambaya, za mu ɗauko misali daga wata ƙasa mai nisa.

A Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake yi da hannu, ƙwallon kuwa mai siffar gwanda. A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa shi ne ya sheƙa da gudu, ya cafe ƙwallon da aka jefo masa, alhali ƙartin abokan hamayya suna jiran su maka shi da ƙasa. Ɗaya daga cikin gwanayen wannan aiki shi ne Calvin Johnson, wanda aka haifa a 1985. Ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauke shi daga jami'ar Georgia Tech a 2007, ya yi mata wasa shekara 9, ya cafe ƙwallo sau 731. A 2012 ya ci tazarar yadi 1,964, ya zarce bajintar yadi 1,848 da Jerry Rice ya kafa a 1995. A wannan shekara ce kuma ya sa hannu a yarjejeniyar dala miliyan 132.

To, jama'a, a watan Maris na 2016, yana ɗan shekara 30, ana tsakiyar yi masa kirari, sai ya ce ya ajiye wasa. Yatsunsa da gwiwoyinsa da idon sawunsa sun sha wuya, ciwo ya zame masa abokin kwana. Ya gwammace ya fita da ƙafarsa da a fitar da shi ranga-ranga. Tsoronsa ba na banza ba ne, domin a 2017 masana a Jami'ar Boston sun binciki ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan 111 da suka rasu, suka sami cutar da yawan bugun kai ke haddasawa a 110 daga cikinsu.

Johnson ya iya barin fage ne saboda yana da abin da zai koma wa: dukiya, ilimi da likitoci. Ɗan dambenmu kuwa, wanda shi ma kansa ne yake shan naushi, me ya tanada? Kuɗin da aka liƙa masa a fage yakan ƙare kafin damina. Ba fansho, ba asibiti, sai tuna baya. Shi ya sa za ka ga wanda ƙarfinsa ya tafi yana ta ɗaure hannu, yana shiga fage da sa'o'in ƙannensa, don kuwa yunwa ba ta san tsufa ba.

Ba muna kira a bar dambe ba ne, gadonmu ne. Amma gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi da ma'aikatar wasanni. Idan mun zauna, kada a buɗe fage sai da ma'aikacin lafiya a gefe. Wanda aka kashe ya suma, a hana shi komawa sai likita ya duba shi. A riƙa cire wani kaso daga kuɗin ƙofa ana ajiye wa 'yan wasa, a kuma taimaka musu su riƙe noma ko wata sana'a tun da sauran ƙarfinsu.

Ƙarfin samartaka aro ne, mai shi kuwa zai karɓi abinsa. Allah ya sa mu tuna da waɗanda suka faranta mana rai bayan ganga ta yi shiru.