Jawabi Kan Asusun Wutar Sola A Taron Ƙungiyar Unguwar Ɗan Iya



Kowa a nan ya san halin da ake ciki game da kuɗin wuta. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Mu da ba ma rukunin ma, jiki ya gaya mana. To, uwar marayu ina za ta samo? Sai a yanke, yara su yi tilawa a duhu.

A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya dala miliyan 750 don wutar sola, ta hannun hukumar REA. Madalla. Amma kada mu naɗe hannu muna jira.

Shawarata, mu buɗe asusu. Duk Juma'a kowane magidanci ya jefa abin da ya sawwaƙa. Mu sayi ƙananan sola masu ƙwan fitila da cajin waya, mu fara da gidajen marayu da tsofaffi. Su biya kaɗan-kaɗan, babu riba. Wanda ya gaza, asusu ya cike masa. Kuɗin da ya dawo ya haska gida na gaba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu iko. Wassalam.