Tulun da makiyayi ya tsinta a kogo

Hirarmu ta yau a kan wani makiyayi ne ɗan uwanku.

Wajen shekarar 1947, wani saurayi Balaraben daji, daga ƙabilar Ta'amira, yana kiwo a duwatsun Kumran, gab da Tekun Gishiri a ƙasar Falasɗinu. Ana cewa dutse ya jefa cikin wani kogo, sai ya ji ƙarar fashewar tulu. A cikin tulunan akwai naɗaɗɗun fatu masu rubutu, sun kai shekara dubu biyu. Aka kai su Baitalami wurin wani baduku mai dillancin kayan tarihi, ana ce masa Kando, aka sayar da araha. To, a 1954 huɗu daga cikinsu dala 250,000 aka saye su a Amurka.

Me ke ciki? Rubuce-rubucen Yahudawa ne na dā, akasari da Ibrananci, yawancinsu a kan fatar tumaki. Daga kogo 11 an tattara gutsattsarin littattafai sama da 900. Akwai littafin Ishaya cikakke, tsawonsa ya haura mita 7, ya kuma girmi kwafin da aka sani a baya da kusan shekara dubu. Irin wannan naɗaɗɗen littafi ne Linjilar Luka ta ce Yesu, wato Annabi Isa, ya karanta a majami'ar Nazarat.

Akwai kuma guntayen littafin Anuhu, wanda malamai da dama ke cewa shi ne Annabi Idrisu. Wasiƙar Yahuza a Sabon Alkawari ta ɗauko magana daga cikinsa. Cikakkensa kuwa Kiristocin Habasha ne suka adana da harshensu na Ge'ez. Daga nan masana suka ƙara fahimtar abin da mutane ke karantawa a zamanin Kiristocin farko, game da mala'iku da ranar hisabi da jiran Almasihu.

Jama'a, ga inda maganar ta shafe mu. Busasshiyar ƙasa irin tamu tana riƙe fata da takarda. In kun tsinci tsohon rubutu a daji, ko kuna da na kakanni a gafaka, kada ku jiƙa shi, kada ku liƙa masa salatif, kada ku rarraba shi don ciniki. Ku nuna wa malamin da kuka yarda da shi ko gidan tarihi kafin dillali ya yi muku tayi.

Allah ya tsare garke, ya ba da kasuwa. Sai mako na gaba.