Jawabin Shugaban Kwamiti a Wajen Ƙaddamar da Asusun Gyaran Tambura

   

Aikin da aka ɗora mana mun yi shi daidai gwargwado. Mun bi gidajen makaɗa da mabusa ɗaya bayan ɗaya, mun naɗi muryar dattawansu, mun rubuta kowane tambari da kakaki da algaita da muka tarar, da wanda ya gaje shi, da wurin wanda ya gada. Mun kuma zauna da ma'aikatan gidan tarihi, tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922.

To, bari in ajiye takardar nan in faɗi abin da ke ci mini rai.

A garin Sion na ƙasar Suwizalan akwai wani coci a kan tudu mai tsohon ogan, abin kiɗan nan mai jerin bututu da ake hura wa iska kamar zugazugin maƙeri. Wajen 1435 aka ƙera shi, kusan tsarar hasumiyar Gobarau ta nan Katsina ke nan, kuma har gobe ana kaɗa shi. Me ya raya shi? In ya lalace, akan nemo gwani a biya shi.

Mu fa? Muna da Gwauron Tambari, muna da tamburan da in suka tashi jajiberin Sallah kowa sai tsigar jikinsa ta tashi. Amma fata takan saki, gara takan ci itace, kakaki in ya lotse sai maƙerin fari. Masu ɗaure tambari dattawa ne, 'ya'yansu sun kama tuƙin Keke Napep. Ban ga laifinsu ba, kirari ba ya auno masara. Samari masu latsa waya can baya, ku ɗago, da ku nake!

Kuɗin nan na sayen fata ne, da biyan masu gyara, da ɗan alawus ga yaran da za su zauna gabansu su koya. Don Allah kada a yi mana alkawarin lasifika, a yi tafi, gobe waya a kashe. Alhazai, na ga wasu suna murmushi, sun san kansu.

Ma'aji yana nan bakin ƙofa da rasit, kowa ya biya ta wurinsa kafin ya fita.