Hakkin Wanda Mota Ta Buge

Ga jawabin da Magatakardan reshenmu na Minanata, cikin birnin Sakkwato, ya yi wa taron 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.



An ce in yi muku magana a kan hatsarin mota. To, ba zan ɓata muku lokaci da bayanin lalacewar hanyoyi ba, domin kun fi ni saninsu. Mai albasa da ke bin hanyar Kware da Gwadabawa zuwa Illela, da mai hatsi da ke bin ta Tureta zuwa Talatar Mafara da Gusau, da mai bin ta Bodinga da Tambuwal zuwa Jega, kowannenku ya san ramin da direba ke kauce wa ya shiga hannun wani. Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau 'yan Rod Sefti, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutum 5,421 da suka mutu a hanyoyin Nijeriya cikin 2024 kaɗai. Waɗannan kuwa su ne waɗanda labarinsu ya kai ofis. Abin da na zo da shi yau shi ne abin da ke biyo baya, sa'ad da aka janye mota, 'yan kallo suka watse, aka bar mutum da karayarsa da iyalinsa.

Bari in soma da wani maƙwabcina, ba zan faɗi sunansa ba. Yana bisa kabukabu za shi kasuwa, wata bas ta kwashe su, cinyarsa ta karye. Kashegari mai motar ya zo caji ofis da dattawan tasha, da goro, da naira dubu 50. Aka yi ta ba da haƙuri, aka ce ƙaddara ce, aka kawo wata takarda, yayansa ya dangwala hannu, aka saki mota. Ya yi wata huɗu wurin mai ɗori, ƙashi ya haɗe a karkace, daga bisani sai da aka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Jarinsa ya ƙare, aka sayar da gonar gado. Sa'an nan ne aka kawo mini takardar in karanta musu. Da Turanci aka rubuta ta, cewa sun karɓi kuɗi, ba su da sauran magana har abada. Ba wanda ya karanta musu ita ran da aka dangwala. Ashe kuwa motar nan tana da inshora, kuma ba wanda ya faɗa musu.

Jama'a, ni ban zo in hana kowa yafiya ba. Yafiya halin manya ne. Amma ina tambaya, wanda bai san abin da ake bin sa ko abin da yake bi ba, me ya yafe? A Musulunci ma kisan kuskure yana da diyya, yana nan cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma magada ne ke da ikon su karɓa ko su bari. Malamanmu na Malikiyya sun ƙayyade ta dinari 1,000, watau wajen kilo huɗu da kwata na zinariya. Raunuka ma kowanne da nasa lissafi. Saboda haka wanda ya ce muku neman hakki rashin tawakkali ne, ku tura shi ya tambayi malami.

Yanzu ga maganar inshora, ku saurara da kyau, domin nan ne ake cutarmu. Tun 1945, zamanin Turawa, aka yi doka cewa kada mota ta hau hanya sai mai ita ya biya wani kamfani kuɗi, domin in motar ta yi wa wani ɓarna kamfanin ya biya. A 2025 aka haɗa dokokin inshora cikin sabuwar doka guda, wajibcin kuwa yana nan. Daga Janairun 2023 aka mai da kuɗin ƙaramar mota ta gida naira 15,000 a shekara, babbar motar kaya naira 100,000, Keke Napep naira 5,000, babur naira 3,000. In ƙaramar motar ta lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce. Rauni da rai lissafinsu dabam, kotu ke yanke shi in ba a daidaita ba. Direbobi da yawa sun ɗauka takardar nan ta nuna wa ɗan sanda ce a shinge, ya duba ya ce wuce. A'a. Dominka aka yanke ta, kai mai tafiya a ƙasa, ke mai talla a bakin hanya. Kuma tun da kamfani ne zai biya, neman hakkinka ba lalle ne ya talauta direban da kake jin tausayi ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, akwai irin ta Musulunci da ake kira takaful.

Sai dai akwai takardun jabu, waɗanda ake sayarwa a gindin itace kusa da ofisoshin lasin. Ana iya duba lambar mota ta wayar hannu a rumbun bayanan kamfanonin inshora, wanda ake kira NIID, a ga ko ta gaske ce. Kadan ta jabu ce, magana ta koma kan mai motar da kansa. Ku lura, na ce mai motar. A doka, in direba ya yi ganganci yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma ana kama shi da biya. Kada Alhaji ya turo muku yaro mai riga ɗaya ya ce ku yi da shi.

Ran da abin ya auku, Allah ya kiyashe mu, fara da rai. Lambar 'yan Rod Sefti 122 ce, kyauta ake kiranta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa, ko da wane dalili, kuma ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi. Sa'an nan wani daga cikin dangi ya rubuta lambar motar, ya ɗauki hoto da waya, ya karɓi sunan mutum biyu da suka gani da idonsu. A tabbata 'yan sanda sun auna wurin sun zana shi. Kowane rasit na magani, ko na naira ɗari biyu ne, a adana shi cikin leda. Alƙali ba ya biyan kuka, abin da aka nuna masa a rubuce shi yake lissafawa. Nan ne zuwa wurin mai ɗori kaɗai ke cutar mutum, domin mai ɗori, kome gwanintarsa, ba ya ba da takardar likita.

Wani zai ce, ai 'yan sanda sun kai direba gaban majistare. Wannan shari'ar laifi ce, tsakanin hukuma da direba, in an ci shi tara baitulmali za ta shiga. Taka ƙarar ta neman diyya dabam take, kuma sai ka tashi ka neme ta. Haka nan kuɗin ta'aziyya. Kun tuna a ƙarshen Mayun 2025 motar 'yan wasan Kano da ke komowa daga Abeokuta ta faɗa gadar Dakatsalle, fiye da mutum 20 suka rasu, gwamnatin Kano ta ba iyalansu kuɗi. Madalla. Amma wannan kyauta ce, mai mulki ya ga dama ya bayar. Mai albasa da ya faɗi a Gwadabawa ba gwamnan da zai zo masa gaisuwa, doka ce kaɗai gatansa.

To, ina talaka zai sami lauya? Akwai Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha, har nan Sakkwato. Dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar diyyar hatsari a cikin ayyukanta. Sharaɗinta shi ne samun mutum kada ya wuce mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka mai da naira 70,000 a wata a 2024, ko da yake tana da ikon duba wanda ya ɗara haka. Lauyoyinta kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, sai an yi ta sintiri. Ku yi sintirin. Wanda kuma ya ɗauki lauyan kansa, a rubuta ladansa tun farko, kashi nawa ne cikin abin da aka samu, kowa ya riƙe kofi.

Abu guda da ba shi da gyara shi ne jinkiri. In motar gwamnati ce ta buge ka, akwai tsohuwar doka mai kare ma'aikatan hukuma, wadda ta ba ka wata uku kacal ka shigar da ƙara. Wata uku, jama'a, mai karayar cinya bai ma fara taka ƙasa ba! Ni a ganina dokar zalunci ce, amma tana nan, kuma da ita ake korar ƙarar talakawa tun ba a saurari shaida ba. Kamfanin inshora shi ma yana da wa'adin da za a sanar da shi a rubuce. Kada ku jira sai an warke.

Direba zai ce laifin hanya ne. Gaskiya gyaran manyan hanyoyi yana wuyan gwamnatin tarayya da hukumarta FERMA, wadda aka kafa a 2002, kuma ba za mu daina yi musu magana ba. Amma wanda ya san hanya kullum, ya san raminta, ya kuma taka wuta, rami ba zai wanke shi ba. Mu ma da namu. Wanda ya hau ƙololuwar tirela bisa buhunan albasa don arhar kuɗin mota, ya sani kamfani zai yi masa gardama, kotu kuma tana rage diyyar wanda ya taimaka wajen jawo wa kansa rauni.

Maƙwabcin nan nawa mun kai takardarsa ga lauya. Ya nuna mana cewa ba shi ne ya dangwala ba, yayansa ne, kuma akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar an karanta wa mai ita ya fahimta. Babu ko ɗaya a jikinta. Maganar tana nan ana yi. Saboda haka wanda ya riga ya dangwala irin wannan, kada ya yaga ta. Ina ofishin reshe kowace Asabar bayan la'asar, ya kawo ta tare da lambar motar da rasit ɗinsa, in karanta masa, in rubuta masa wasiƙar zuwa ofishin lauyoyin, ba ko kwabo.