Haɗa 'Yan Tsaki Da Manyan Kaji: Gaggawa Ce Ke Jawo Mana Asara



Da yawanmu mun bar gari, amma kiwo bai bar mu ba. A Kano ko Kaduna ko Abuja, da wuya a shiga gidan ɗan garinmu ba a tarar da akurki a bayan ɗaki ba. Wasunmu kuma idan za su zo gida sukan sayo kwalin 'yan tsaki, irin su Noiler ko Shika Brown, su kawo wa iyaye mata a matsayin jari. Niyya ce mai kyau, sai dai sau da yawa kafin wata ya zagayo akan aiko mana cewa sun ƙare, wani lokaci har da kajin da suka tarar. Kuɗinmu ya tafi, tsohuwa kuma ta rasa abin da takan sayar ta biya ƙananan buƙatunta. Galibi abin da ke jawo haka shi ne a juye baƙi cikin 'yan gida tun ranar farko.

Ya kamata mu sani cewa kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu. Kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Kazar da ta ƙyanƙyashe nata bayan kwana 21 na kwanci ita ke tsaya musu, ta kore duk mai matsowa. Ɗan tsakon kwali kuwa maraya ne. Manya za su hana shi ci da sha, su sare shi a ka, kuma da zarar jini ya fito sai sauran su yi masa taron dangi.

Haɗari na biyu ya fi wannan, wato cuta. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa musamman a lokacin hunturu, takan ɓoye a jikin kaza har kusan mako 2 kafin ta bayyana. Ba mu manta da murar tsuntsaye ba, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon shekarar 2006, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa. Baƙo yana iya kawo cuta, yana kuma iya tarar da ita.

Saboda haka muke ba da shawarar a bi abin daki-daki. Da farko a keɓe sababbin a wani wuri dabam mai ɗumi, da mazubin abinci da na ruwa nasu su kaɗai, har su yi mako 6 gashinsu ya cika. A cikin wannan lokaci a yi wa tsofaffi da sababbi rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafin Niyukasil, sai a nemi malamin dabbobi ya yi jagora.

Bayan nan a matso da su kusa da manya, amma a raba su da ragar waya na mako 1 zuwa 2, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Kada a cire ragar sai ƙananan sun kusa kamo manya a jiki. A haɗa su da dare lokacin da kowa ya lafa, a zuba abinci a wuri biyu ko uku, a kuma jingina kwando ko katako inda ƙarami zai shige babba ba ya iyawa. Ɗan sare-sare na kwanaki ba abin damuwa ba ne, amma wanda aka ji wa rauni a fitar da shi nan take. Haka nan kada a ba ƙanana abincin kaji masu ƙwai, domin sinadarin ƙwarin ɓawon da ke cikinsa yana lalata musu ƙoda.

A ƙarshe, muna roƙon duk wanda zai kai 'yan tsaki gida ya haɗa da ragar waya da kuɗin rigakafi, ya kuma zauna ya yi wa tsohuwa bayani kafin ya koma birni. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.