Jinyar Mai Ciwon Suga: Daga Gadon Asibiti Zuwa Tsakar Gida

Ciwon suga lalura ce da jiki ke kasa sarrafa sukarin da ke cikin jini, ko dai saboda ƙarancin sinadarin insulin, ko kuma saboda insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina karɓar aikinsa. Wani ɗan sashe da ke kwance a bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas, shi ke samar da insulin, aikin insulin kuwa shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki domin ya zama ƙarfi. Idan wannan aiki ya tsaya sai sukari ya taru a jini, ƙoda ta shiga tace shi tana zubarwa tare da ruwa mai yawa. Daga nan alamomin da aka sani suke tasowa: yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, rama duk da ana ci, kasala, gani dishi-dishi, da miki mai ƙin warkewa. A gidaje da dama, kiyashin da ke taruwa inda mutum ya yi fitsari shi ke fara tona asirin cutar tun kafin a je asibiti.

Cutar iri-iri ce. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da matasa, jikinsu ba ya yin insulin sam, rayuwarsu ta rataya a kan allura. Nau'i na biyu shi ne na fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, yana shigowa a hankali, yana tafiya da ƙiba da rashin motsa jiki da gado. Akwai kuma wanda ke bayyana a lokacin juna biyu. Kafin shekarar 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tato insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro allurar, ya kuma farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ta zama ranar ciwon suga ta duniya, kuma a 2020 an keɓe taken ranar ga ma'aikatan jinya. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ke ɗauke da cutar, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, inda fiye da rabi ba su ma san suna da ita ba.

Jinyar wannan ciwo ta sha bamban da ta zazzaɓi ko karaya. Ba a warkewa a sallami mutum a manta da shi. Mai ciwon suga yana ganin likita na 'yan mintoci ne a wata ɗaya ko uku, sauran kwanakin duka shi da iyalinsa ke riƙe da maganin. Saboda haka babban rabon aikin nas a nan koyarwa ne, kuma ba mara lafiyar kaɗai ake koyarwa ba. Wanda ke zaman jinya a gefen gado, da wadda ke tuƙa tuwo a gida, da ɗan da ke sayo magani, duk ɗalibai ne. Nas ɗin da ta yi wa magidanci dogon bayani kan abinci ba tare da matar da ke girki tana wurin ba, ta yi shuka a idon makwarwa.

Aikin yana farawa ne daga karɓar mara lafiya. Ana tambayar yaushe aka gano ciwon, wane magani yake sha, da kuma yadda yake shansa a zahiri, domin abin da ke rubuce a kati ba kullum yake zama abin da ke shiga baki ba. Wani ya raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, wani ya ajiye ta ya koma sassaƙe. Tambaya cikin faɗa ba ta fito da irin wannan gaskiya. Sai a auna nauyi da bugun jini, a duba baki da fata, a sa shi ya cire takalmi. A awon suga, idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka sami 126 a ma'aunin miligiram ko sama da haka, alamar ciwon ce. Haka ma 200 a kowane lokaci in akwai alamomi. Wasu na'urori suna ƙirga da milimol, inda 126 ke zama 7, 200 kuma 11.1, don haka wajibi ne a san da wane ma'auni na'urar take aiki kafin a rubuta lamba. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, wanda ake so ya tsaya ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya. Sai dai ba a dogara da shi ga mai sikila ko mai tsananin ƙarancin jini, abin da ya kamata ma'aikatan jinya su riƙe da kyau.

Haɗarin da ya fi gaggawa ba hawan suga ba ne, faɗuwarsa ce. Da zarar ya sauka ƙasa da 70, jiki ya fara rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yunwa ta taso. In aka yi jinkiri ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta, mutum ya rikice, ya yi ta surutai ko masifar da ba halinsa ba, daga nan sai farfaɗiya ko suma. A gida sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin iska ta taɓa shi, a tsaya hayaƙi da tofi alhali abin da yake bukata cokali uku ne na sukari. Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: in yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na sukari, wato ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo, in bai tashi ba a maimaita, in ya tashi a bi shi da abinci. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, don kada ya shaƙe; a kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya da shi inda za a sa masa ruwan gulukos ta jijiya. A cikin asibiti, mafi yawan abin da ke jawo wannan shi ne a yi allurar insulin alhali abinci bai iso daga gida ba. Nas mai lura takan ga kwanon abinci da idonta kafin ta zare sirinji. Maganin glibenclamide na iya jefa tsoho ko mai ciwon ƙoda cikin faɗuwar suga mai daɗewa, wadda takan dawo bayan an ga kamar ta wuce, don haka ba a gaggawar sallamar irinsu. Kwinin da ake bayarwa a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana sauke suga.

Hawan suga mai tsanani yana zuwa a hankali, cikin awanni ko kwanaki. Matashi mai nau'i na ɗaya da ya daina allura zai zo da amai da ciwon ciki da dogon numfashi mai nauyi, bakinsa na tashin wani wari kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Tsoho mai nau'i na biyu yakan zo a bushe ƙayau, hankali a gushe. Dukansu ruwa ta jijiya suke fara bukata, sannan insulin, tare da sa ido kan sinadarin fotasiyam. Aikin nas a nan ƙirga ne ba dare ba rana: suga kowace awa, ruwan da ya shiga, fitsarin da ya fita. Akwai darasi guda da ke hana yawancin wannan: mai nau'i na ɗaya ba ya daina insulin don ya kamu da zazzaɓi ko ya kasa cin abinci, domin rashin lafiya ƙara bukatarsa take yi.

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa duk wanda aka ɗora a kan insulin tasa ta ƙare. Wannan tsoro sai an zauna an warware shi kafin a kai ga koyar da hannu. Ana yin allurar a ƙarƙashin fata, a ciki ko cinya ko dantse, ana sauya wuri kowane lokaci, don idan aka nace wa guri guda yakan yi kulu, maganin ya daina shiga yadda ya kamata. Dole sirinji ya dace da kwalba: insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ba sa haɗuwa, kuskuren na iya ninka adadin fiye da biyu. Bayani kaɗai ba ya isa. Sai mara lafiya ya zuƙi maganin da hannunsa ya yi allurar a gaban nas, ba sau ɗaya ba. Batun ajiya kuma ya fi wuya inda zafi ke wuce digiri 40 wuta kuma ba tabbas. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son ƙanƙara. Wadda aka buɗe tana kai kimanin mako huɗu in ba ta sha zafi ba. Inda babu firji, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana taimakawa sosai, muddin an rufe kwalbar a leda an ajiye tukunyar a inuwa. Aljihun gaban mota da bakin taga kuwa kashe insulin suke yi.

Ƙafa ita ce inda ake gane ingancin jinya. Shekaru na hawan suga suna kashe jijiyoyin ji, su kuma toshe hanyoyin jini, sai mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, ya yini da ita a tafin ƙafa. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, magana ta kai ga yankewa. Nas tana gwada ji da wani siririn zare na roba da ake dannawa a tafin ƙafa, ta taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. Sauran aikin na gida ne, kuma ya danganci yadda mutane ke rayuwa. Hunturu yana kawo faso, shi kuwa faso ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, don haka a riƙa shafa mai, amma ban da tsakanin yatsu. Kaskon wuta da tsofaffi ke miƙa wa ƙafa da sanyin safiya ya ƙona da yawa ba su ji ba. Haka ruwan zafin wanka, wanda ya kamata a gwada da gwiwar hannu. Mai yankan farce na kasuwa da askarsa, da goge kaushi da dutse ko reza, duk abin gudu ne. Ba a yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kuma a zazzage takalmi kafin a saka. Alwala dama ce da Musulmi ke da ita ta duba ƙafa sau da yawa a yini. Abin da ake ƙarawa kawai shi ne a tsane tsakanin yatsu bayan an gama. Lalle, duk da kyansa, yana iya ɓoye sauyin launin fata da ke nuna matsala ta fara.

A wajen abinci, an daɗe ana cutar da marasa lafiya da dogon jerin haramci, har mutum ya koma wake da acca kullum ya rame ya gaji ya watsar da komai. Alkama da acca da gero duk suna komawa sukari a jini; abin dubawa shi ne yawan abin da aka ci da abin da aka haɗa shi da shi. Rabin kwano ya zama ganye irin su zogale da rama da alayyahu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama, sauran kuma tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Abin da ya kamata a yi wa tsanani shi ne zaƙin da ake sha: lemon kwalba, shayi mai sukari, kunu da zoɓo da fura da aka zaƙaƙa. Zuma ma tana ɗaga suga, duk da darajar da take da ita a zukatan mutane. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, tana cikin magani.

Shirin azumin Ramadan ana fara shi ne makonni kafin a ga wata. Likita ke tantance wanda azumi ke da haɗari gare shi, kamar mai nau'i na ɗaya da sugansa bai daidaita ba, da mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da wanda bai daɗe da suma ba. Addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame. Wanda zai yi azumin sai a sauya masa lokutan magani, a ce ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai da dare, ya yi hattara da cika ciki a buɗa-baki. A sanar da shi cewa malamai sun bayyana tsaga yatsa don awon suga ba ya karya azumi, kuma ya karya azumin nan take in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Akwai abubuwan da kunya ke binnewa. Ciwon suga yana raunana mazakuta, yana kawo wa mata ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa, kuma da wuya wani ya faɗa a ɗakin da mutum goma ke saurare. Sai an keɓe shi, zai fi kyau kuma mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. Gajiya da ciwon, da damuwar kuɗin magani, su ma a tambaye su kai tsaye. Mai tarin da ya wuce mako biyu a tura shi gwajin tarin fuka, domin ciwon suga yana ninka haɗarin kamuwa da shi.

Kafin sallama, nas tana tabbatar da cewa mara lafiya ko mai jinyarsa ya iya awo da allura, ya san alamomin faɗuwar suga, yana kuma yawo da 'yan ƙwayoyin sukari ko dabino a aljihu. A ba shi littafin rubuta awo, in bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko wani ɗa ya rubuta masa. A sa masa ranar dawowa, a kuma rubuta masa lokacin duba ido da gwajin ƙoda, waɗanda ake yi aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba ya jin ciwon komai.